Mai Ɗanin Hannu ko Mai Ɗana Kanta: Gardamar Bindiga a Babban Giji

Duk wanda ya taɓa zama a Babban Giji, ko a maƙwabtanta irin su Gyadi-Gyadi da Hausawa da Darmanawa, ya san yadda ake tsaron dare a wannan ɓangare na ƙaramar hukumar Tarauni. Magidanta ne ke haɗa kuɗi wata-wata su biya 'yan sintiri, su kuma su kwana suna zagaya layuka da tocila da gora da usur. An daɗe ana haka, ana kuma samun sauƙi daidai gwargwado. To amma tun da ƙwacen waya ya zama ruwan dare, faɗan daba ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sannan a ƙarshen 2025 aka soma jin 'yan bindiga na tsallakowa daga Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, sai hirar majalisa bayan sallar isha'i ta sauya salo. Yanzu ba wuya ka ji wani ya ce zamanin gora ya wuce, a nemo wa 'yan sintiri bindiga. Wani ya ce shi ma tasa zai ajiye a ɗaki. Daga nan sai gardama ta kaure a kan wacce ta fi: fam-akshin, wato mai ɗanin hannu, ko 'yar'uwarta mai ɗana kanta?

Masu wannan tambaya ba miyagu ba ne. Iyaye ne da fargaba ta hana su barci, da 'yan kasuwar da ke dawowa gida da cinikin yini a aljihu. Sun cancanci a ba su amsa dalla-dalla, a fara da yadda bindigogin suke, kafin a zo kan abin da doka ta ce da kuma abin da unguwa za ta iya ɗauka.

Dukansu biyu 'yan gida ɗaya ne da bindigar mafarauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Ba harsashi guda mai tsini suke harbawa ba irin na AK-47. Kwanso ne na roba ɗauke da albarushi da ƙwayoyin dalma, ƙanana don tsuntsu, manya don babbar dabba. Inda suka rabu shi ne yadda kwanso na biyu ke shiga mazauninsa bayan an harba na farko. A mai ɗanin hannu, akwai mariƙi a ƙarƙashin bututun. Mai harbi zai ja shi baya, kwanson da ya ƙone ya fita, ya tura shi gaba, sabo ya hau. Ita kuwa ɗayar, ƙarfin harbin ne da kansa, ko dai hayaƙin albarushin ko kuma naushin da bindigar ke yi baya, yake yin wannan aiki. Mai ita kunama kawai zai dinga taɓawa, kowane taɓi harbi ɗaya. Ba ta ɓarin wuta irin na mai jigida, sai dai tana rage wa hannu aiki.

Mutum ɗaya ne ya fi kowa hannu a tarihin su biyun, wato Ba'amurken nan John Browning. Shi ya tsara Winchester ta 1897, mai ɗanin hannu, wadda sojojin Amurka suka shiga da ita ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, har Jamus ta kai ƙorafi a hukumance a watan Satumban 1918 cewa makamin ya saɓa wa ƙa'idar yaƙi. Shi ne kuma ya ƙirƙiro Auto-5 mai ɗana kanta, wadda kamfanin FN na Beljiyam ya fara ƙerawa a farkon ƙarni na 20, ba a daina yin ta ba sai 1998. Daga baya Remington 870 ta fito a 1950, aka ƙera sama da miliyan 11, ta zama bindigar 'yan sanda da manoma a ƙasashe da dama. A 1999 kuma sojojin Amurka suka zaɓi Benelli M4 ta Italiya, mai ɗana kanta. Ke nan sama da shekara ɗari ana wannan gardama, ba wadda ta kori wata daga kasuwa, domin kowacce da irin hannun da ta dace da shi.

Ƙarfin mai ɗanin hannu sauƙinta ne. Ƙarafanta kaɗan ne, kuɗinta bai kai na 'yar'uwarta ba, kuma ba ta zaɓen abinci: kwanso mai ƙarfi ko mai rauni, sabo ko wanda ya kwana biyu, in dai zai tashi, hannu zai fitar da shi ya sa wani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da hunturu ke cusa ƙura har cikin kwanon tuwo, damina kuma ta sa ƙarfe tsatsa a lungun ɗaki. Amma rauninta yana jikin mai riƙe da ita. Mutumin da bai saba ba, ga duhu ga firgici, sau da yawa ba ya jan mariƙin ya kai ƙarshe, sai kwanso ya maƙale a daidai lokacin da ba a so. Naushinta a kafaɗa ya fi zafi, kuma dole sai da hannu biyu masu lafiya.

Mai ɗana kanta ta magance waɗannan. Ta fi sauri, wadda ke aiki da hayaƙi ta fi taushi a kafaɗa, kuma ba ta jiran hannu ya tuna aikinsa. Sai dai 'yar gata ce. Tana son wanki da mai a kai a kai, tana son kwanso mai inganci da ƙarfinsa ya isa ya motsa ƙarafanta, in wani ɗan ƙarfe ya lalace kuma sai gwani da kayan gyara na asali. Masu araha daga cikinsu, waɗanda su ne ke yawo a Afirka ta Yamma, sun fi kowa wannan lalura. Akwai kuma abin da masu yabonta ba su cika faɗa ba: saurin nan nata shi ne hatsarinta. Yatsan da tsoro ya kama zai iya zazzage duk abin da ke cikinta cikin daƙiƙa biyu ko uku, kafin ido ya tantance wa ke tsaye a gaba. Jan mariƙin da ake yi wa mai ɗanin hannu, duk ƙanƙantarsa, yana ba zuciya ɗan zarafin da za ta ce a dakata.

In da ƙarfe kaɗai za a duba, hukuncin ba wuya. Rundunar da ke da horo da ma'ajiyar makamai da ma'aikacin da ke kula da su, mai ɗana kanta ta fi mata. A yanayi irin namu kuwa, inda horo ya yi ƙaranci, kayan gyara ba tabbas, ƙura ba ta ƙarewa, mai ɗanin hannu ce ke da rinjaye.

Sai dai tun kafin a kai ga ƙarfe, doka ta riga ta shiga tsakani, kuma nan ne masu gardamar majalisa suka fi yin tuntuɓe. Dokar makamai da Najeriya ke aiki da ita ta 1959 ce, ta girmi 'yancin kai da shekara guda. Ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin soja da masu jigida da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Sai na ɗuri ta baki, irin su adaka da bindigar toka, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigar farauta tana gida na biyu, amma dokar ta cire mai ɗana kanta daga ciki ƙarara. Duk abin da bai shiga gida na biyu ko na uku ba, ya faɗa na farko. Wato magidancin Babban Giji da ya ajiye mai ɗana kanta ba tare da izinin Shugaban Ƙasa ba, a idon doka yana sahu ɗaya da wanda aka kama da bindigar soja, kuma hukuncin bai gaza ɗaurin shekara goma ba.

Ita ma fam-akshin ɗin da mutane da yawa ke ɗauka halattacciya ce, tsayuwarta a doka ba ta da ƙwari. Wannan sashe da ya cire mai ɗana kanta, ya kuma cire duk bindigar farauta da aka sanya wa wata na'urar sake ɗuri, kuma mariƙin da ake ja ɗin nan na'urar sake ɗuri ce. Duk da haka an shafe shekaru ana ba mutane lasisinta. Sai ga shi a watan Fabrairun 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin a tattara haramtattun makamai daga hannun jama'a cikin kwana 21, ya kuma lissafa fam-akshin kowace iri a cikinsu. A watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin bindiga baki ɗaya. Don haka duk wanda ya zo wa mutum da tayin bindiga haɗe da takarda, a ce komai an gama, to a yi hattara da shi matuƙa, domin ƙofar da takardar gaskiya ke fitowa hukuma ta ce ta rufe ta.

Rufe ƙofa bai hana kaya shigowa ta taga ba. A shekarar 2017 kaɗai, lokacin Hameed Ali yana shugabancin kwastam, an kama fam-akshin 661 a Legas a watan Janairu, 440 a tashar Tin Can a watan Mayu, sai 1,100 da kuma 470 a watan Satumba. Jimilla 2,671. An ɓoye wasu a cikin ƙofofin ƙarfe, an rubuta wasu a takarda a matsayin kayan banɗaki, kuma akasarinsu daga Turkiyya suka taso, ƙasar da ta yi suna wajen ƙera bindigogin farauta masu araha. A watan Yulin 2024 shugaban kwastam Adewale Adeniyi ya nuna wa duniya bindigogi 844 da harsasai 112,500 da aka kama a tashar Onne ta jihar Ribas, su ma daga Turkiyya. Ɗan kasuwa ba ya cika kwantena da kayan da ba su da masu saye. Waɗannan alƙaluma suna nuna girman tsoron da ke cikin ƙasa, suna kuma nuna akwai masu cin riba da shi.

Gwamnoni ma sun ƙara dagula lissafin talaka. A 2021 Aminu Bello Masari ya yi kira ga Katsinawa su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce za ta raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautun Zamfara 19 domin neman lasisi, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Daga baya jihohin suka koma kafa dakaru nasu: Dikko Radda ya ƙaddamar da na Katsina a watan Oktoban 2023, Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024. Abin da aka fi gani a kafaɗun irin waɗannan dakaru, kamar yadda aka saba gani wurin 'yan Kato da Gora a Borno, ita ce fam-akshin. Bindigar da 'yan sanda suka sa a jerin haramtattu a 2018 ita ce yau makamin da hukuma ta fi yarda ɗan sa-kai ya rataya. Wannan ruɗani ba laifin talaka ba ne, amma shi yake kwana a ciki.

Akwai kuma gaskiya mai ɗaci da ya kamata a faɗa wa duk wanda ke ganin ɗayan biyun za ta tare masa ɗan bindigar daji. Ƙwayoyin dalma, ko manyan ne, ƙarfinsu da saitinsu na raguwa sosai bayan mita 40 zuwa 50. AK-47 kuwa tana cin mutum daga mita 300, tana ɗauke da harsashi 30, alhali bindigar farauta biyar zuwa takwas take ɗauka. Bambancin sauri tsakanin mai ɗanin hannu da mai ɗana kanta ba ya cike wannan rata ko kaɗan. Matasan da ke tsaron ƙauyukansu da irin waɗannan bindigogi suna yin jarumtakar da ta cancanci addu'a da yabo, kuma da yawansu sun rasa rayukansu a kai. Abin da ke taimakonsu sanin daji ne, da labarin sirri, da sojan da ya iso a kan lokaci.

To, a dawo Babban Giji. Nan ba bakin daji ba ne. Unguwa ce mai gida jikin gida, katanga ɗaya ta raba ɗakin kwanan wannan da tsakar gidan wancan, ga shaguna a bakin layi, ga masu shayi da ke kaiwa tsakar dare, ga ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke tashi aiki a lokutan da wasu ke barci. Mutane na ɗauka cewa bindigar farauta watsuwa take yi, ba sai an saita ba, kuma ba ta wuce inda aka nufa. Duka biyun kuskure ne. A tazarar cikin ɗaki ko tsakar gida, ƙwayoyin na tafiya ne a dunƙule, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, don haka ana iya kuskure. Kwanso ɗaya na manyan ƙwayoyi kan ɗauki takwas ko tara, kowacce na iya huda ƙofar katako da taga da ƙyauren langa-langa ta samu wanda ke bayansu. Raunin da suke yi daga kusa yana daga cikin mafi muni da likitan tiyata ke gani.

Wa ke taɓa ƙofar gidan Bakano da ƙarfe ɗayan dare? Wani lokaci ɓarawo ne, ba a musu. Amma sau nawa ne yake zama ɗan gida da ya makara a gidan kallon ƙwallo, ko ƙanen matar gida da motarsa ta iso a makare, ko almajirin da ke kwana a zaure, ko maƙwabci da ya zo neman a kai matarsa asibiti haihuwa? Gidajenmu cike suke da yara, ɗakin maigida kuma ba ya rasa mai shiga. Bindigar da aka kulle yadda yaro ba zai kai gare ta ba, ba za a same ta da sauri ba ranar da ake nema. Wadda aka ajiye kusa da hannu kuwa, kusa take da hannun kowa.

Akwai wata rahama da Kanawa ba su cika lura da ita ba. Duk sanda kakakin rundunar 'yan sandan jihar, Abdullahi Haruna Kiyawa, ya baje kolin abin da aka ƙwace daga 'yan daba da masu ƙwacen waya, abin da ya fi yawa wuƙaƙe ne da adduna da barandami da gariyo. Waɗannan ma sun raba iyaye da 'ya'yansu, ba a raina su. Amma har yanzu daba a birnin Kano ba ta zama ta bindiga ba. Ranar da aka san cewa gidaje goma a layi ɗaya suna da fam-akshin, an ba ɓarawo sabon abin nema wanda ya fi waya daraja, kuma duk wadda aka sace ba ta dawowa sai a hannun da ake tsoro. Wanda ya tuna yadda 'yan daba suka cika mazaɓar Gama a zaɓen cike giɓi na watan Maris ɗin 2019, sai ya ƙaddara a ransa a ce abin da ke hannunsu ran nan ba sanduna da wuƙaƙe ba ne. Gudun gara ne za a yi a faɗa gidan zago.

Kano ta kuma ɗanɗana wani ɓangaren na wannan masifa. A ƙarshen watan Maris ɗin 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, akasarinsu 'yan Toranke a ƙaramar hukumar Bunkure, suna hanyar dawowa gida yin sallah. 'Yan sintirin garin ne suka tare motarsu, suka ga bindigogin farauta na gida, aka yi musu kururuwar masu garkuwa da mutane. Zalunci ne tsagwaronsa, ba abin da zai wanke shi. Ya kuma nuna abu biyu da suka shafi wannan gardama kai tsaye: yadda ganin bindiga kaɗai ke ingiza taron da tsoro ya cika, da kuma abin da 'yan sintiri ke iya jawowa idan ba horo, ba mai tsawata musu.

Ƙasashen da suka sha wuya sun daina ɓata lokaci a kan bambancin nan. Bayan wani ɗan bindiga ya kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, Ostareliya ta haɗa mai ɗanin hannu da mai ɗana kanta a aji ɗaya ta tsaurara mallakarsu, ta kuma sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. A wurinsu abin dubawa shi ne harbi nawa bindiga ke yi ba tare da an sake ɗuri ba, da kuma wa ke riƙe da ita.

Ra'ayin mai wannan sharhi ke nan. Mai ɗana kanta ba ta da gurbi a hannun farar hula a Najeriya. Doka ta hana, yanayinmu ma bai dace da ita ba. Mai ɗanin hannu tana da gurbi, amma a hannun rundunar da doka ta kafa, a yankunan da 'yan bindiga ke kai hari, bisa sharuɗɗan da ba a sassautawa: kowace bindiga da lambarta a littafi, kowane kwanso a ƙirga shi fita da dawowa, makami ya kwana a ma'ajiya ƙarƙashin idon 'yan sanda, mai ɗauka ya samu horo na gaske, dagaci da mai unguwa su shaide shi. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a dokar kafa rundunar tsaron unguwanni a 2025, Kano na da damar gina wannan tsari tun daga tushe, ta kuma kiyaye rundunar daga zama ta jam'iyya. 'Yan majalisar tarayya da ke wakiltar Kano su kuma, nauyi ne a kansu su matsa a sabunta dokar 1959, a faɗi matsayin fam-akshin da harshen da kowa zai gane, a daina barin mutane tsakanin umarnin gwamna da ankwar ɗan sanda.

Magidantan Babban Giji kuwa, kuɗin da za a tara a sayi bindiga ɗaya ta bayan fage, a sa shi a fitilu masu aiki da hasken rana a lungunan da aka san ana tare mutane, a gyara ƙofofin layi, a ƙara wa 'yan sintiri albashi da yawa da wayar kiran juna, a kai sunayensu ofishin 'yan sanda na yanki a yi musu rajista. Wanda kuma ya riga ya ajiye bindiga ba lasisi, ya nemi lauya ko mai unguwarsa su raka shi ya miƙa ta ga hukuma tun kafin a zo nema.